Yadda shugaban ikilisiya zai tattara hankalinsa a kan aikinsa

A gundumomin Magarya da Dungas, cikin jihar Damagaram, Kiristoci 'yan kaɗan ne a tsakanin maƙwabtansu Musulmi. Mishan ta SIM ta fara zama a Zinder a shekarar 1924, daga baya ta buɗe tasha a Dungas. Har yau ikilisiyoyin ƙauye ƙanana ne, ba su da ƙarfin ɗaukar ma'aikata da yawa. Saboda haka fasto ko mai bishara guda shi ne mai wa'azi, shi ne mai ziyarar marasa lafiya, shi ne mai sulhunta ma'aurata, kuma shi ne manomin da zai ciyar da iyalinsa. Idan hankalinsa ya rabu, wa'azi yakan zama na gaggawa, addu'a ta ragu, iyalinsa kuma su rasa shi ko da yana cikin gida.

Abubuwan da ke raba hankali

Na farko ita ce wayar salula. Tana da amfani wajen sanar da rasuwa ko neman taimako, amma saƙonnin WhatsApp ba su san lokacin nazari ba. Na biyu su ne baƙi, domin ba al'adarmu ba ce a mayar da wanda ya yi sallama. Na uku ita ce damuwa a kan abinci da kuɗin makaranta, musamman a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya kusa ƙarewa kuma gona tana jiran noma.

A shekarar 2009 wata mai bincike, Sophie Leroy, ta nuna cewa idan mutum ya bar aiki bai gama ba ya koma wani, sashen hankalinsa yakan tsaya a kan na farkon. Ke nan duba waya na minti ɗaya yana cin fiye da minti ɗaya.

Darasi daga gona

Manoman wannan yanki sun shahara wajen rainon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu. Idan kututture ya yi toho da yawa, manomi yakan zaɓi masu ƙarfi kaɗan ya bari, ya sassabe sauran. Tun daga 1983 Tony Rinaudo, wanda a lokacin ma'aikacin SIM ne a Maraɗi, ya yi ta ƙarfafa wannan hanya. Tohon da ake yankewa ba marar kyau ba ne, amma idan aka bar su duka, babu wanda zai zama itace. Haka aikin shugaba yake: abin da ke cinye lokacinsa sau da yawa abu ne mai kyau, sai dai ba nasa ba ne.

Littafi Mai Tsarki ya koyar da haka. A cikin Fitowa sura 18, Yetro ya ga Musa yana shari'a shi kaɗai daga safe har yamma, ya ba shi shawara ya naɗa mataimaka. A cikin Ayyukan Manzanni sura 6, an zaɓi mutum bakwai su kula da rabon abinci, domin manzanni su duƙufa ga addu'a da koyarwa.

Matakan da za ku iya ɗauka

- Ku zauna da dattawan ikilisiya, ku rubuta ayyuka uku da ba wanda zai yi su sai ku. Sauran a raba wa dattawa, zumuntar mata da matasa.
- Ku keɓe awa ɗaya da sassafe domin addu'a da nazari, kafin rana ta yi zafi. Ku bar wayar a wani ɗaki.
- Ku sanar da jama'a lokacin karɓar baƙi. Ku roƙi wani a gida ya tarbi wanda ya zo, ya ba shi ruwa, ya kira ku idan ciwo ne ko rasuwa.
- Ku ajiye takarda kusa. Idan wata damuwa ta faɗo muku, ku rubuta ta, ku ci gaba da karatu.
- Ku fara shirin wa'azi tun farkon mako, kada ku bar shi sai daren Asabar.
- Ku tsara shekara bisa yanayi. Da damina a rage tarurruka, a ajiye manyan taruka da horarwa sai bayan girbi.
- Ku ɗauki yini ɗaya na hutu tare da iyali, domin gajiya ma tana raba hankali.

Tambayoyi domin tattaunawa

- Waɗanne ayyuka ne fastonmu yake yi waɗanda wani zai iya yi?
- Me ke hana mu karɓar su daga hannunsa?
- Wane aiki ɗaya za mu ɗauke masa kafin Lahadi mai zuwa?