Shokozoba da Sifirin a Ƙananan Motocin Tsere Masu Rimot

Duk wanda ya ga ƙaramar mota mai rimot tana tsere zai ɗauka injinta ne sirrin gudunta. Masu wannan wasa kuwa sun san ba a nan gizo ke saƙa ba. Motar da tayoyinta ba su zauna daram a ƙasa ba, komai ƙarfin injinta, a kwanar farko za ta yi adungure. Wannan ɗan rubutu zai yi wa mai karatu bayanin yadda ake ɗaura sababbin shokozoba da sifirin a irin waɗannan motoci, da yadda ake daidaita su.

Ba motar wasan yara da ake sayarwa a bakin titi nake nufi ba. Waɗannan motoci ne da ake kwance su a sake haɗawa, noti bayan noti. Kamfanin Tamiya na ƙasar Japan ya fitar da motarsa ta farko mai rimot a 1976, sannan a 1979 aka kafa IFMAR, hukumar da ke shirya gasar duniya ta wannan wasa. Girman da aka fi yayi shi ne 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske. Akwai kuma ƙanana irin Mini-Z, wadda kamfanin Kyosho ya fito da ita a 1999, wadda ba ta wuce tafin hannu da yawa ba.

Motocin masu araha, kamar TT-02 ta Tamiya, yawanci suna zuwa da shokozoba marar mai, sifirin ne kawai a jikin bututun roba. Idan motar ta taka gargada sai ta yi ta tsalle kamar kwaɗo, domin babu abin da zai tsayar da sifirin. Shi ya sa abu na farko da ake canzawa shi ne shokozoba mai mai. A cikinsa akwai fistin mai ƙananan huji, man yana bi ta hujin a hankali, sai ya rage wa sifirin zafin nama. Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, mai kuma shi ke ƙayyade saurin motsinsa.

Wajen haɗawa ne ake bukatar haƙuri. Da farko a ɗaura fistin a kan sandarsa, a shafa wa zoben roba ɗan mai kafin a zura sandar, don kada ta yaga shi. Kada a kama sandar da fulaya tsirara. A naɗe ta da ƙyalle, domin ƙarzane ɗaya ya isa ya sa shokozoba yoyo har abada. Bayan nan sai a zuba mai, a riƙa tura fistin sama da ƙasa sannu a hankali, a ajiye shi a tsaye kamar minti 10 har kumfar iska ta gama fita, sannan a rufe. Iskar da ta maƙale a ciki ita ce ke sa mota ta riƙa yin abin da direba bai sa ta ba. A kuma auna na dama da na hagu, tsawonsu ya zama ɗaya. Milimita ɗaya ba komai ba ne a motar gaske, amma a nan zai sa motar ta fi son kwanar dama a kan ta hagu.

Man silikon ake zubawa, ba baƙin mai ba, domin kaurin silikon bai cika canzawa da zafi ko sanyi ba. Ana rubuta kaurinsa da lamba a jikin kwalba, kuma motocin kwalta na 1/10 sukan fara daga 300 zuwa 500 a ma'aunin cSt. Mai kauri ya fi dacewa da shimfiɗaɗɗen fili, mai ruwa-ruwa kuma da gargada.

Daga nan sai tsayin mota daga ƙasa. A sa batir da komai a ciki, a danna motar a sake ta, sannan a auna. Ta kwalta takan tsaya a milimita 5 zuwa 6. Zoben da ke saman sifirin shi ake murzawa don ɗaga ta ko sauke ta. Da yawa suna zaton murza shi yana ƙara wa sifirin tauri, alhali tsayi kawai yake canzawa. Mai son tauri sai ya canza sifirin ɗin kansa. Ana kuma ɗan karkatar da kan tayoyi zuwa ciki da digiri 1 zuwa 2, don idan motar ta kwanta a kwana tayar waje ta taka ƙasa da dukkan faɗinta.

Sauran aikin a fili yake. Idan an juya sitiyari motar ta ƙi shan kwana, tana neman miƙewa, gabanta ne bai kama ƙasa ba, sai a sassauta sifirin gaba ko a ƙara taurin na baya. Idan kuwa bayanta ne ke zamewa yana neman wuce gaba, sai a yi akasin haka. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a zagaya fili, a rubuta a littafi. Wanda ya canza mai da sifirin da tsayi a tare, ko motar ta gyaru ba zai san wanne ya gyara ta ba.

A ganina inda aka fi asarar kuɗi shi ne hannuwan taya na alminiyon, musamman ga mu da sai an yi mana odar kayan daga waje. Suna da ƙyalli, amma na roba idan ya yi karo yakan lanƙwashe ya dawo, ko ya karye a sayi wani da araha. Na alminiyon kuwa idan ya lanƙwashe haka zai zauna ido bai gani ba, ko ya tura ƙarfin karon zuwa gangar jikin motar, wadda ta fi shi tsada nesa ba kusa ba.