Fashin 'Yan Mata A Makarantunmu

Duk malamin da ya taɓa riƙe rajistar aji a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko can Babura kusa da iyakar Nijar, ya san wani abu wanda ba a cika faɗinsa a bainar jama'a ba. Yarinya mai ƙwazo sai ta yi fashin kwana uku, ta komo, wata na zagayowa ta sake. In an tambaya, a ce ba ta jin daɗi. Sau da yawa kuwa al'adarta ce ta zo. To, kwana uku sau wata tara, ai kwana 27 ke nan sun salwanta a shekarar karatu guda.

Audugar mata ta kanti ta fi ƙarfin talaka, ko da ya ke dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke harajin kaya daga wadda ake yi a Nijeriya. Saboda haka hankali ya koma ga ƙunzugun zamani, watau wanda ake ɗinkawa da yadin auduga ninki-ninki, a sa masa maɓalli, a wanke a sake amfani da shi wata da watanni. Kowane tela na kasuwar Kazaure zai iya ɗinka shi in an nuna masa sau ɗaya.

Amma fa ƙunzugu ba ya aiki shi kaɗai. Lalle ne a wanke shi da sabulu, a shanya shi a rana har ya bushe ƙarau. Kunya ta kan sa yarinya ta cusa shi ƙarƙashin katifa da danshinsa, daga nan sai ƙaiƙayi da wari. Na kuma taɓa duba wata makaranta inda makewayin 'yan mata ba ƙyaure, ba ko buta. A ina za ta canza? A 2022 aka shaida Jigawa ce jiha ta farko da ta daina bahaya a fili. Sai a kai wannan himma bayan azuzuwa.

Wanda ke ganin zancen ya saɓa wa kunya, ya tuna akwai faslin haila cikin Ahalari, malamanmu suna karantar da shi a zaure tun kaka da kakanni. Ranar 28 ga Mayu, wadda duniya ta keɓe wa wannan sha'ani tun 2014, ba ta isa ba. Kowane hedimasta ya zaɓi malama guda, ta riƙa zama da 'yan aji biyar da shida tun kafin abin ya zo musu, ya kuma sa kafinta ya kafa ƙyauren nan kafin a dawo hutu.