Mu San Uwar Murzuna

Ƴan'uwa manoma, kowa daga cikinmu ya san murzuna, tsutsar nan mai sassaƙar zangarniyar hatsi, ta bar mata zane a murɗe. Amma kaɗan ne suka san uwarta. Murzuna ba daga sama take faɗowa ba. Wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne yake haifar ta.

Masana sun raba ƙwari dangi-dangi. Uwar murzuna tana cikin masu ƙafa 6 da fukafukai 4, waɗanda in an taɓa su sai gari ya manne a yatsa. A cikinsu kuma tana ɓangaren masu yawon dare, shi ya sa ba mu cika ganin ta ba. A shekarar 1925 aka fara bayyana kamanninta a rubuce. Sunanta na kimiyya Heliocheilus albipunctella. Kalmar ta biyu tana nufin mai fararen ɗigo.

Ga yadda za mu gane ta. In ta buɗe fukafukai, faɗinta wajen santimita 2 da rabi ne. Fukafukan gaba ja-ja ne kamar ƙasa, da jerin fararen ɗigo kusa da baki. Namijin yana yin ƴar ƙara in yana tashi.

Kada mu haɗa ta da uwar tsutsar kara. Ita waccan launin busasshiyar ciyawa gare ta, kuma ƴaƴanta cikin kara suke yin rani.

Wajen wata guda bayan faɗuwar damana, uwar murzuna take fitowa daga ƙasa. Tana zuba ƙwai a kan zangarniyar da ta fara fid da kai. Cikin kwana 3 zuwa 5 sai su ƙyanƙyashe. In tsutsar ta ƙoshi, sai ta sauka ta shige ƙasa, ta kwanta har wata damana. Ɓarnarta ta tsananta a ƙasashen Sahel tun bayan farin 1972 zuwa 1974.

Ranar da muka ga zane a zangarniya, ɓarna ta riga ta auku. Saboda haka, da hatsi ya fara fid da kai, mu riƙa zagaya gona da almuru, da fitila. In mun ga mai fararen ɗigo, mu sanar da malamin gona nan da nan. Cibiyar binciken noma ta INRAN, a Maraɗi, tana kiwon wani ɗan mitsitsin zanzaro mai kashe murzuna, ana sakin shi a gonaki. Amma sai an sake shi a kan kari yake amfani.