Hayaniyar Kasuwa: Ba Kowane Kunne Ne Ke Iya Ɗaukar Ta Ba

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Birnin Ƙonni ranar Laraba, ko ya tsallaka Illela ranar Lahadi, ya san yadda wuri ke ɗaukar zafi da hantsi ya dubi ludayi. Ga ƴan kabu-kabu suna ta danna oda, ga injin niƙa yana ruri, ga lasifikar mai tallar magani, ga warin man ƴan ruwa-ruwa ya gauraye da na barkono da busasshen kifi, rana kuma tana dukan kwanon rumfa tana dawowa cikin ido. Mafi yawanmu mun saba, har ma idan wuri ya yi tsit sai mu ce yau kasuwa ba ta ci ba.

To amma a cikinmu akwai bayin Allah waɗanda wannan hayaniya ke zame musu azaba. Kafin azahar sai ka ga mutum ya dafe kai, lissafi ya ruɗe masa, yana ba da canji ba daidai ba, magana kaɗan ta harzuƙa shi. A gidan rediyonmu mun sha tattauna wannan batu da masu saurare, kuma abin da muka lura da shi, ciwon bai kai musu zafin maganganun mutane ba. Wannan ya ce raki ne, wancan ya ce girman kai ne, wani ya ce iskoki ne ko sammu. Yaron shago kuwa, sau da yawa ana sallamar sa a kan lalaci ne ya hana shi zaman rumfa.

Abin da masana suka gano

A shekarar 1996 wata masaniyar halayyar ɗan Adam ta ƙasar Amurka mai suna Elaine Aron ta fitar da littafi a kan irin waɗannan mutane. A ƙiyasinta, kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na jama'a haka aka halicce su: ƙara, haske, wari, har da kaushin tufafi a jiki, duk suna isar musu da ƙarfi fiye da sauran mutane. Ta bayyana cewa wannan ɗabi'a ce ta halitta, ba ta sa ta cikin jerin cututtuka ba. Idan muka bi wannan ƙiyasi, a layin rumfuna 20 ba za a rasa mutum 3 ko 4 masu irin wannan hali ba, sai dai abin ya fi tsanani ga wani a kan wani.

Bayanin da ake yi shi ne, ƙwaƙwalwa tana da aikin tace abin da kunne da ido da hanci suke kawo mata, kamar yadda rariya ke tace gari. Ga yawancinmu tana zubar da ƙarar injin da ke bayan rumfa, ta bar mana muryar mai ciniki. Ga wasu kuwa komai yana shigowa tare, shi ya sa suke gajiya da wuri. Kuma wannan hali yana da nasa amfani a kasuwa, domin kuwa sau da yawa irin su ne ke fara jin warin hatsin da ya sha danshi, ko su gane atamfar jabu da taɓawa ɗaya.

Inda ya zama ciwo

Sai dai kada mu ɗauka komai halitta ce. Akwai ciwon ɓarin kai, wanda ke kama kusan mutum 1 cikin 7 a duniya, kuma ya fi yawa ga mata har kusan ninki 3. Idan ya tashi yakan ɗauki awa 4 zuwa kwana 3, tare da tashin zuciya, mai shi kuma ba ya son haske, ba ya son ƙara, wani ma ƙanshin turare ne ke tayar masa da shi. Akwai kuma larurar kunne wadda ke sa ƙarar da kowa ke ji daidai, kamar ta kwanuka ko ta makullai, ta riƙa sukar mutum. Mata masu juna biyu su ma sun san yadda hanci ke ƙara kaifi a watannin farko.

Haka nan akwai yara masu larurar da likitoci ke kira otizim, waɗanda za ka ga suna toshe kunne suna ihu idan an shiga taro da su, ko su ƙi wata riga ko wani abinci ƙememe. Tun shekarar 2013 likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suka sanya wannan a cikin alamomin da ake gane larurar da su. Duka ba ya gyara irin wannan yaro, sai dai ya ƙara firgita shi.

Gargaɗi babba a nan shi ne: idan ƙin haske ya zo farat ɗaya tare da zazzaɓi mai zafi da riƙewar wuya, musamman daga hunturu zuwa bazara, to a garzaya asibiti ba tare da jiran a tashi kasuwa ba, domin alamomin sanƙarau ke nan. Ba mu manta da annobar shekarar 2015 ba, wadda ta hallaka ɗaruruwan mutane a Nijar.

Su ma masu juriya suna cikin haɗari

Ana auna ƙarfin ƙara da wani ma'auni mai suna desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai kimanin 60, babur kuwa yana iya kai 95. Ƙa'idar da masana lafiyar ma'aikata suka shimfiɗa ita ce kada mutum ya wuce awa 8 a cikin ƙarar da ta kai 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba wannan lokaci gida biyu. Ke nan a 88 awa 4 ne, a 94 kuwa awa 1 kacal. Mai injin niƙa da maƙwabcin janareto su yi wa kansu hisabi. Kunnen da ƙara ta lalata ba ya komawa yadda yake, don haka wanda muke yi wa dariya a kan ya cika ƙorafi, wataƙila shi ne ke fara jin abin da ke cin mu duka a ɓoye.

Dabarun zama a rumfa

Mai wannan hali ba sai ya bar sana'arsa ba. Idan da hali, ya nemi rumfa nesa da tasha da layin injuna. Ya yi lissafi da manyan cinikayya da sassafe kafin kasuwa ta cika. Ya ware ɗan lokaci, ko minti 10 ne bayan sallar azahar, ya zauna a wuri mai inuwa da shiru. Baƙin tabarau da malfa suna rage zafin haske, rawani ko takunkumi yana rage ƙura da wari. Abin toshe kunne da ake samu a kantin magani yana taimakawa a wurin ƙara mai tsanani, amma likitocin kunne sun yi kashedi kada a wuni da shi har a wurin da babu hayaniya, saboda hakan yana ƙara wa kunne rashin juriya. Yunwa, ƙishirwa da rashin barci, waɗanda fatake suka san su a kan hanya, su ma suna tsananta abin.

Muna kuma jan kunne game da ƙwayoyin ƴan talla. Wanda ke shan maganin ciwon kai fiye da kwana 10 zuwa 15 a wata, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kai na kullum. Gara a je a ga likita ya duba.

Kira ga iyayen gida da shugabannin kasuwa

Alhaji mai shago, kafin ka kori yaronka, ka gwada canza masa aiki: ka mai da shi sito, ko ka ba shi riƙon littafin bashi, ka gani ko zai fi tsayawa. Hajiya, idan ƴarki ta ce warin daddawa na sa ta jiri, ki saurare ta. Sarkin kasuwa da ma'aikatan magajin gari kuma suna iya ware wa injuna da janareto gefe guda, su ce wa masu lasifika su sassauta. Babu ɗaya a cikin waɗannan da zai ci wa kowa ko dala, illa dai haƙuri da sanin hakkin maƙwabci.

Kasuwa ta kowa ce, kuma kowa abincin iyalinsa ya fito nema. Allah ya ba mu lafiya da kasuwa mai albarka, amin.