Man ƙamshi na ƙananan kwalabe: abin da mai ciki da mai jego ya kamata su sani

Ranar kasuwa a Mayahi ko a Tasawa, in ka tsaya gaban teburin masu turare da magungunan gargajiya, za ka tarar da ƙananan kwalabe jere: man kanumfari, man na'ana'a, man itacen turare, man kafur, ga kuma man zafi a ƴan gwangwanaye. Daga nan suke bin ƴan kasuwa har ƙauyukan ƙaramar hukumar El Alasan Mairairai, su shiga cikin kayan barka da ake kai wa mai jego. Wasu kuma ta WhatsApp ake tallarsu, da alƙawarin sauƙaƙa naƙuda ko gyaran jiki bayan haihuwa. Hujjar masu sayarwa ɗaya ce: wai abin daga ganye ya fito, don haka ba ya cutarwa.

Nan ne kuskuren yake. Waɗannan mayuka, da ake kira huiles essentielles da Faransanci, ba irin man gyaɗa, man riɗi ko man kaɗanya ba ne, waɗanda ake matsewa daga ƙwaya. Turara ganye ko fure ake yi da tururi, a tattara ƙarfin tsiron cikin ƴan ɗigo. Kafin a samu kilo ɗaya na man wardi sai an turara furen da ya haura tan 3. Ke nan kanumfari biyu a cikin shayi daban, ɗigon mansa daban. Shi ya sa a Faransa, tun 2007, akwai irin waɗannan mayuka guda 15 da doka ta hana kowa sayar da su in ba mai farmasi ba.

Ga mai ciki, maganar gajeriya ce. Sinadaran wannan mai suna ratsa fata, su shiga jini, kuma suna iya kaiwa ga ɗan da ke ciki ta mahaifa. Watanni ukun farko su ne lokacin da ake halittar zuciya, ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi, don haka shawarar likitoci ita ce a nisance su gaba ɗaya a wannan lokaci. Sha kuwa babu shi, daga farkon ciki har yaye, ko da ɗigo ɗaya ne a cikin zuma ko kunu. Bayan wata uku, wadda ke son shafa wani a ƙafa ko kafaɗa ta fara nuna kwalbar ga ungozomar likita ranar awon ciki. In an yarda mata, ɗigo ɗaya ake sakawa a cikin ƙaramin cokali na man kaɗanya ko man riɗi, kuma ba a shafa shi a kan ciki.

Man zafi ma yana cikin lissafi, ko da yake ba ma ɗaukarsa magani. Yawancinsa na ɗauke da wani sinadari ɗan'uwan asfirin, wanda ƙaramin cokali ɗaya na tsantsarsa ya kai ƙarfin ƙwayoyin asfirin 14 masu miligiram 500. Mai tsohon ciki da ke mulke bayanta da shi safe da yamma tana zuba wa jikinta maganin da likita ba zai bari ta sha haka kawai gab da haihuwa ba, saboda yana ƙara zubar jini.

Amma a ganina, babban haɗarin ba a kan uwa yake ba, a kan jinjiri yake, cikin kwana arba'in ɗin nan da kowace mai zuwa barka ke da tata shawara. Fatarsa siririya ce, hantarsa ba ta ƙosa ba. Da sanyin hunturu ya kama, hanci ya toshe, sai kaka ta lakato man zafi ta goga masa a hanci da ƙirji, cikin ƙauna da kyakkyawar niyya. To, sinadarin na'ana'a kusa da hancin jariri na iya shaƙe masa numfashi, kafur da man itacen turare kuma suna jawo jijjiga. Kan haka ne hukumar magunguna ta Faransa ta hana, a 2011, a ba yaron da bai kai wata 30 ba magungunan tari na cusawa masu ɗauke da irin waɗannan sinadarai. Idan ɗan shekara biyu bai isa ba, ina ga ɗan kwana goma? Don toshewar hanci, ɗigon ruwan gishiri na farmasi ya wadatar, a kuma ci gaba da ba shi nono.

Akwai wani kafur ɗin da ya fi ba ni tsoro, ƙwallayen nan farare da ake jefawa cikin akwatin tufafi don korar kyankyaso. Ni kaina da warinsu na tashi, don babu akwatin mahaifiyata da ba su ciki. Ba kafur na gaske ba ne, naftalin ne. Yara da dama a Afirka ta Yamma, musamman maza, ana haifuwarsu da ƙarancin wani sinadarin jini mai suna G6PD, kuma ba a ganewa da ido. Irin wannan jariri in aka naɗe shi da zanen da ya kwana cikin naftalin, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, ya kamu da shawara mai tsanani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Likitocin yara a Najeriya sun daɗe suna gargaɗi a kai. Kayan jariri a wanke su, a shanya a rana, a ajiye su nesa da waɗannan ƙwallaye.

Ganyen bedi, wato dogon yaro, da ake dafawa a ruwan wankan jego, wani abu ne; man ƙwayarsa kuma wani abu ne. A Indiya da Maleshiya likitoci sun rubuta labarin jariran da aka ɗura wa wannan mai, suka shiga amai, jijjiga da suma. Haka nan ɗiga man ƙamshi a ruwan wanka ba ya rage masa ƙarfi: mai ba ya narkewa a ruwa, yana yawo ne a sama, ya manne a fata ko a wurin ɗinki ya ƙone shi. Kan nono ma ba a shafa masa, tunda bakin yaro can zai je. Cibiya kuma a bar ta da tsabta, kada a sa mata komai sai abin da aka bayar a likita.

Turaren wuta da humra fa? Babu mai cewa mai jego ta rabu da ƙamshi. A turara ɗaki jariri yana waje, a buɗe ƙofa hayaƙi ya fita kafin a mayar da shi, humra kuma a sa ta a tufafi maimakon ƙirjin da zai kwanta a kai.

In tsautsayi ya faru yaro ya haɗiye irin wannan mai, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa madara ko manja, domin man na iya faɗawa huhu. Daga ƙauyukan Mairairai hanyar yashi ce, ko da babur sai an ɗauki lokaci, jijjigar kafur kuwa kan zo cikin sa'a ɗaya ko biyu. Saboda haka ba a zaman jiran alama: a kama hanyar CSI mafi kusa nan take, daga can in ta kama a tura shi asibitin Mayahi, na Tasawa ko cibiyar uwa da yaro ta Maradi. A tafi da kwalbar a hannu, ko da rubutun jikinta Larabci ne ko Sinanci, don ma'aikacin lafiya ya san abin da yaron ya sha.