Masu Tunani Ba Tare da Hoto a Zuci Ba

Idan aka ce wa jama'a kowa ya tuno ƙofar gidansu, akasarinsu hoto zai faɗo musu a zuci: launin ƙyauren, inda fenti ya ɓare, dakalin da ke gefe. Amma akwai wanda duhu kawai zai gani. Ya san ƙofar sarai, zai gaya maka koriya ce kuma ta ƙarfe, sai dai babu hoton da ya bayyana masa. Masana suna kiran wannan yanayi afantasiya. An ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 100 ba ya ganin komai sam, in kuwa aka haɗa da masu gani dishi-dishi, adadin kan kai kamar 4 cikin 100.

A gani na zahiri, haske ne ke shiga ido, saƙo ya wuce zuwa sashen gani da ke ƙeyar ƙwaƙwalwa. Hoton zuci kuwa ta baya yake biyo hanyar. Sashen goshi mai tsara tunani da sashen da ke adana abubuwan da suka wuce su ne ke umartar sashen gani ya sake zana abin, ko da ido na rufe. Shi ya sa hoton bai kai na zahiri kaifi ba, amma jiki na amsa masa. A 2022 Joel Pearson da abokan aikinsa a Jami'ar New South Wales ta Ostareliya sun nuna cewa idan mutum ya kawo abu mai haske a ransa, baƙin tsakiyar idonsa kan tsuke kamar da gaske hasken ya gani. Na masu afantasiya ko gezau.

Batun ba sabo ba ne. Tun 1880 Francis Galton na Ingila ya nemi mutane su siffanta teburin karin kumallonsu, ya tarar wasu ba sa ganin komai. Aka daɗe ba a waiwayi maganar ba, sai da wani dattijo mai shekara 65 ya rasa hoton zucinsa bayan an yi masa aiki a jijiyar zuciya. Likitan ƙwaƙwalwa Adam Zeman ya wallafa labarinsa a 2010, sai ga mutane suna rubuto masa cewa su haka aka haife su. A 2015 ya raɗa wa yanayin suna, bayan nazarin mutum 21.

Da yawa daga cikin masu afantasiya sai sun manyanta suke gano bambancin, don sun ɗauka in an ce "ka hango shi a ranka" salon magana ne kurum. Blake Ross, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro manhajar Firefox, ya kai shekara 30 kafin ya sani. Wasu kan sha wuyar tuno ƙuruciyarsu dalla-dalla, kuma ba sa iya kawo fuskar mamacinsu a zuci, ko da yake in sun ga hotonsa nan take za su gane shi. Abin mamaki, da dama suna ganin hotuna a mafarki.

Wannan ba cuta ba ce, kuma ba ta rage basira. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar, yana da ita, haka ma Glen Keane, gwanin zane da ya yi aiki a kamfanin Disney. Ƙwaƙwalwarsu na riƙe girma da siffa da tazara ta hanyar sani, ba ta hanyar gani ba. Don haka malamin da ɗalibi ya ce masa ba ya ganin abin a ransa, kada ya ɗauka taurin kai ne. Ya zana masa a allo, ko ya jero masa bayanin mataki-mataki, zai fahimta kamar kowa.