Tai Chi: Faɗan da Ake Koya a Tsanake

Duk wanda ya ga tsofaffin Sinawa sun jeru a dandali da sassafe suna ɗaga hannu suna saukewa a hankali zai ɗauka rawa suke yi. Alhali Tai Chi daga fagen faɗa ya fito, kuma nawar da ake yi masa dariya a kanta ita ce hanyar koyon faɗan. Almara ta ce wani malamin addinin Tao, Zhang Sanfeng, ya ƙirƙiro shi a tsaunin Wudang bayan ya ga maciji da tsuntsu suna faɗa. Amma masanin tarihi Tang Hao ya bi sawun abin a shekarun 1930 har ƙauyen Chenjiagou da ke lardin Henan, ya danganta shi ga Chen Wangting, wani tsohon soja na ƙarni na 17. Zuri'ar Chen suka riƙe shi gadon gida, har Yang Luchan, wanda ya rasu a 1872, ya koya a wurinsu ya kai shi Beijing.

Sinawa na lissafa Tai Chi cikin dabarun faɗa na ciki, tare da Xingyi da Bagua, saboda ba a dogara da ƙwanji. Ana sassauta kafaɗa, a ɗan lanƙwasa gwiwa, a kafa ƙafa, sai ƙugu ya juya ya aika nauyin jiki gaba ɗaya zuwa hannu. Idan aka yi sauri kuskure yakan ɓuya. A tsanake kuwa mai koyo zai ji daidai inda ya karkace. Daga nan sai mutum biyu su haɗa tsintsiyar hannu, kowa na laluben inda nauyin ɗan'uwansa ya rinjaya don ya tura shi can. Ɗan kokawar Maraɗi ya san wannan sarai: wanda ya danno da ƙarfi, ƙarfinsa ake kayar da shi da shi.

Masu suka za su tuna da 2017, lokacin da ɗan damben zamani Xu Xiaodong ya yi wa wani malamin Tai Chi, Wei Lei, dukan kawo wuƙa cikin daƙiƙu a Chengdu. Sukar tana da tushe, sai dai wannan rauni yana da dalili. A 1956 gwamnatin Sin ta taƙaita Tai Chi zuwa motsi 24 don lafiyar jama'a, kuma akasarin masu yinsa yau ba su taɓa karawa da kowa ba. Wanda bai saba shan naushi ba, ko wace dabara ya haddace zai sha ƙasa. Abin da bai ɓace ba shi ne horon tsayuwa da daidaita jiki. Binciken Jami'ar Emory da ke Atlanta a 1996 ya nuna haɗarin faɗuwa ya ragu da kusan rabi ga tsofaffin da suka koye shi, kuma UNESCO ta sanya Tai Chi cikin al'adun gadon duniya a 2020. Mai neman kare kansa sai ya haɗa da karawa ta gaske. Dattijon da ke tsoron zamewa a makewayi kuwa nawar ma ta ishe shi.